Me FAS da Bart's ke nufi a gwajin jinin jariri?

Tambaya: Likita, an ɗebi jini a diddigen jaririyata bayan haihuwa. A takardar sakamako an rubuta FAS, a ƙasa kuma aka ce akwai Bart's kaɗan. Hankalina ya tashi. Sikila ce da ita?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, FAS ba ciwon sikila ba ne.

Himogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Jariri da irin nasa yake zuwa duniya, wanda ake kira F, don shi ya fi iya jawo iskar daga jinin uwa ta mabiyiya. A ranar haihuwa yakan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Sauran nau'o'in kaɗan ne, kuma su ake nema a gwajin.

Ana jera haruffan ne bisa yawansu. F ya fi yawa, sai A, wato irin na manya mai lafiya, sannan S, wato na sikila, a ƙarshe. Tunda A ya riga S, 'yarki ta gaji S daga ɓangare ɗaya ne kawai, ita ce za a kira AS idan ta girma. Da FS aka rubuta babu A, ko FSC (C wani nau'in himogulobin ne da ake gada), da maganar ta bambanta, don irin waɗannan jariran ake so a fara ba su maganin fenisilin tun suna wata biyu zuwa uku.

Shi kuwa Bart's, wani nau'in himogulobin ne, an sa masa sunan wani asibiti ne a Landan inda aka fara gano shi. Himogulobin F haɗin sarƙoƙi iri biyu ne, alfa da gama; Bart's yana bayyana idan jiki bai ƙera isassun sarƙoƙin alfa ba, sai sarƙoƙin gama huɗu su haɗu su kaɗai. Alama ce ta gadon wannan ƙarancin na alfa, wanda ake kira alfa talasimiya. Idan kaɗan ne, yawanci ba ya hana yaro komai, illa dai ƙwayoyin jininsa su kasance ƙanana. Idan ya haura kashi 25 cikin 100, sai an bi diddigi sosai.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, Bart's yana ɓacewa cikin 'yan watanni, gwajin da za a yi nan gaba ba zai nuna shi ba. Don haka ki adana takardar nan da kyau. Wata rana likita zai iya ganin ƙananan ƙwayoyin jini ya ɗauka ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ya yi ta ba ta maganin da ba ta buƙata.

Idan bakwaini ce ko an yi mata ƙarin jini kafin gwajin, ki faɗa wa likita, domin idan ƙarin jini ne, jinin wani yakan rufe nata, sai an sake gwadawa bayan wata uku ko huɗu. Ke da maigida kuma ku gwada naku kafin wani cikin. Idan ku duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila.