Amsa: "make" ya tsaya da kuskuren /lib/modules/.../build

Malam, ka ce ka sayi ƙaramar na'urar Wi-Fi ta USB a Beirut Road da ke Kano, ka sauke direbanta (manhajar da ke sa na'urar aiki), amma da ka yi "make" don gina shi, Ubuntu na cewa babu /lib/modules/.../build.

Kada ka ƙona datarka wajen sauke dukkan lambar tushen kernel, wato zuciyar tsarin Linux. Headers (fayilolin kernel da ake gina direba da su) kawai kake buƙata, kuma dole su dace da kernel ɗin da ke gudana yanzu. Jona wayarka da kwamfutar ta kebul don samun intanet, sannan:

sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)

Idan ka sabunta kernel ba ka sake kunna kwamfutar ba, sake kunnawa tukuna. Rashin dacewar lambar siga shi ke jawo "Invalid module format" wajen loda direban da umarnin insmod.

In kuwa sai ka yi da cikakken tushen, kwafi /boot/config-$(uname -r) zuwa .config, ka yi make olddefconfig, sai make modules_prepare. Amma wannan ba ya samar da Module.symvers (jerin alamomin kernel da direba ke dogara da su), sai an gina kernel ɗin gaba ɗaya, aikin da kan ci sa'o'i a tsohuwar laftof, ga wutar Kano ba tabbas.

In ka ga "Key was rejected by service", Secure Boot ne, kariyar da ke hana loda direban da ba shi da amintaccen sa hannu: yi rajistar makulli da mokutil, ko ka kashe Secure Boot ɗin a BIOS (saitunan kunna kwamfuta).