Najeriya ba ta zama cikakkiyar mamba a BRICS ba tukuna

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Najeriya ta shiga BRICS, wato ƙungiyar ƙasashe masu tasowa da ta samo sunanta daga Brazil, Rasha, Indiya, Sin da Afirka ta Kudu, kuma ta wace ƙofa ake shiga. Abin da Brazil, mai shugabancin ƙungiyar a lokacin, ta sanar a Janairun 2025 shi ne an karɓe mu a matsayin ƙasa abokiyar hulɗa, matakin da aka ƙirƙiro a taron BRICS na 2024 a birnin Kazan na Rasha. Ana gayyatarmu taro, amma ba mu da ta cewa idan an zo yanke shawara.

Ita BRICS ba ta da kundin tsari irin na Tarayyar Turai, inda Turkiyya ta nemi shiga tun 1987 kuma har yau tana bakin ƙofa. A BRICS, ƙasa takan nuna sha'awarta ta hanyar diflomasiyya, sai shugabannin ƙasashe mambobi su zauna, kuma dole kowa ya amince. Mamba ɗaya ta ƙi, magana ta mutu. Shi ya sa nake ganin siyasa ta fi girman tattalin arziki nauyi wurin zaɓen.

A taron Johannesburg na 2023 an gayyaci ƙasashe 6. Masar, Habasha, Iran da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun shiga a 2024, Ajantina kuwa da Shugaba Javier Milei ya hau mulki ta ce ta fasa.