Launin itacen da ya koma dutse: rini ne?

Malam, ka tambaya ko rina guntun itacen jihar Arizona ta Amurka da ka saya aka yi, da kuma yadda za ka goge shi.

Da wuya a ce rini ne. Bishiyoyin nan dangin Araucarioxylon ne, sun ɓace fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Ambaliya ta binne kututtukansu cikin laka da tokar aman wuta, ruwa mai silika (sinadarin da ke cikin yashi) ya ratsa su, a hankali suka zama ƙanƙarar dutse. Ja da rawaya da ruwan ƙasa daga tsatsar ƙarfe suke, shunayya da baƙi kuwa daga ma'adinin manganis. In kana shakka, jiƙa auduga da asiton (ruwan goge fentin farce) ka goga. Rini yakan taru cikin tsaga, ya kama audugar.

Taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, wuƙa ba ta ko karce shi. Yanka shi sai da zarto mai bakin lu'ulu'u, ruwa na zuba kullum, domin ƙurarsa illa ce ga huhu. Toshe tsagogi da efoksi (wani irin gam mai ƙarfi) tukuna, in ba haka ba ya dare. Guga: fara da magogi mai kaushi lamba 80, sai 220, sai 600 mai laushi, sannan hodar siriyum mai sa sheƙi. Tsallake ɗaya, karce ya fito ɓaro-ɓaro a ƙarshe.