Amsa kan fargabar da ke damun Baba

Ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka ce gabansa na yawan faɗuwa, barci ya ƙaurace masa, har ya daina cin kasuwar Maigatari, kana tambaya ko maganin gyaran tunani da ɗabi'a zai yi wa mai shekara 70 amfani.

Zai yi. Amma likita ya fara duba zuciya da ciwon maƙoƙo, don su ma suna kawo bugun ƙirji. A rage masa goro da shayi mai kauri.

Wannan hanya ta gyaran tunani, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, ta wuce "yi haƙuri, Baba". Ba ƙwaya ba ce, ƙwararre ne ke zama da shi mako-mako a tono abin da zuciyarsa ke raya masa, misali "in na shiga cunkoso faɗuwa zan yi". Sai a gwada a gani. Yau ya zauna a dakalin ƙofar gida, jibi ya taka masallaci, gaba a kai shi bakin kara da sassafe kafin a cika. Ya tsaya har bugun ya lafa da kansa, domin kauce wa wurin ne ke ƙara wa tsoron ƙarfi. Bincike ya nuna tsofaffi na amfana, sai dai da maimaici, don haka wani jika mai haƙuri ya riƙa raka shi.

Kada ku saya masa diazepam, wato ƙwayar kwantar da hankali, a kemis. Yana sa tsoho jiri ya faɗi, ga sabo. Ku nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano.