Yarona Ɗan Ƙwallo Ne Mai Son Kasuwanci: Ƙaramar Kwaleji A Amurka Za Ta Dace Da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da yaro ɗan shekara 17 da ke ajin ƙarshe na sakandare. Yana da ƙoƙari a aji, shi ne kyaftin ɗin ƙwallon kwando na makarantarsu, kuma tun yana ƙarami yake zama a shagona na kayan gini, har lissafin ciniki ma a hannunsa yake in an yi hutu. Burinsa kasuwanci. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya ba mu shawarar nema masa ɗaya daga cikin ƙananan kwalejojin nan da ake kira libaral ats, ya ambaci Williams da Amherst. Da na bincika sai na ga ɗalibansu wajen 2,000 ne kacal, kuma ban ga kwas ɗin kasuwanci a jerin darussansu ba. Irin wannan makaranta ta dace da yaro kamarsa, ko ɓata lokaci da dukiya ne? Daga wani uba a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka.

Idonka bai yaudare ka ba. Williams da Amherst, dukansu a jihar Masachusets, ba sa ba da digiri a fannin gudanar da kasuwanci. Amma wannan kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Waɗannan makarantu suna dacewa da yaron da yake son buga ƙwallo don ƙwallon kanta, wanda kuma ya ɗauki kasuwanci a matsayin inda zai dosa bayan karatu. Yaron da yake fatan ƙwallo ta zama sana'arsa, ko yake son a koya masa dabarun saye da sayarwa tun daga makon farko, zai takura a can. Aikinku shi ne gano wanne ne naku a cikin biyun.

Tsarin karatun libaral ats kansa, wato karatun fannoni da dama kafin a ƙware a ɗaya, ya bambanta da wanda muka saba. A jami'o'inmu tun daga fom ɗin JAMB yaro yake zaɓen fanninsa. A can kuwa yakan yi kusan shekara biyu yana ɗaukar darussa daga tarihi, lissafi, kimiyya, adabi da falsafa kafin ya bayyana inda zai ƙware. Digirin farko suka sa a gaba, ɗalibai kusan duka a cikin makaranta suke kwana, kuma malami ɗaya yakan kasance ga ɗalibai kamar bakwai. A Williams akwai darussan da ɗalibai biyu ne kawai suke zama da farfesa kowane mako, ɗaya ya karanta abin da ya rubuta, ɗayan ya yi masa suka. Babu bayan aji da yaro zai laɓe. Wanda ba ya son karatun littafi da yawan rubutu zai sha wuya, komai kaifin kansa a lissafi.

Ɗaliban da ke son harkar kuɗi a waɗannan makarantu galibi ilimin tattalin arziki suke karantawa, kuma yana cikin fannonin da aka fi cika a Williams da Amherst. Ba lissafin shago ba ne. Akwai kalkulas da ƙididdiga, da nazarin yadda farashi da kuɗin ruwa da canjin kuɗi suke motsi. Manyan bankunan zuba jari da kamfanonin ba da shawara na Niyok da Bostan suna ɗaukar ma'aikata daga can, su koya musu sauran aikin da kansu. Hanyar shiga ita ce aikin sanin makama a dogon hutu, da taimakon tsofaffin ɗalibai, waɗanda a ƙananan makarantu suke riƙe zumunci sosai. Ɗan Gana Patrick Awuah irin wannan kwaleji ya yi, wato Swarthmore, inda ya haɗa injiniyanci da tattalin arziki. Ya yi aiki a Microsoft, sannan ya koma gida ya kafa Jami'ar Ashesi a 2002.

Tunda yaron yana zama a shago, ka riga kana da ma'auni a hannu. Ka lura da abin da yake tambayarka. In damuwarsa ita ce me ya sa kuɗin siminti da rodi suke tashi duk lokacin da dala ta motsa, kuma yana bin zancen har gindinsa, tattalin arziki zai yi masa daɗi. In kuwa hankalinsa yana kan yadda za a juya jari da sauri, yadda za a riƙe kwastoma, yadda za a rage bashin da ke waje, to ɗan kasuwa ne na aiki, kuma akwai makarantun da suka fi dacewa da shi. Wannan ba kasawa ba ce, hali ne daban.

Akwai na tsakiya, kuma ina ganin su ya kamata ku fara dubawa. Claremont McKenna da ke kusa da birnin Los Anjalas ƙarama ce, amma ta gina sunanta a kan tattalin arziki da harkar kuɗi, har da kwas da ya haɗa tattalin arziki da akanta. Washington and Lee a jihar Bajiniya tana da sashen kasuwanci nata. Haka Jami'ar Richmond da Bucknell. Sai kuma Babson, kusa da Bostan, wadda aka kafa a 1919. Ita makarantar kasuwanci ce zalla, ta yi suna wajen koyar da kafa kamfani, kuma ɗalibanta na ajin farko sukan kafa ƙaramar sana'a su gudanar a matsayin darasi. Yaron da ya tashi a bayan kanta zai ji kamar gida ya zo.

Batun wasa shi ne inda iyaye suka fi samun ruɗani. Hukumar NCAA da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka ta kasa makarantu rukuni uku. Rukuni na ɗaya da na biyu suna iya ba da tallafin karatu saboda wasa. Rukuni na uku ba ya bayarwa ko sisin kwabo, doka ce. Williams, Amherst, Claremont McKenna, Washington and Lee da Babson duk a rukuni na uku suke. Don haka duk dillalin da ya ce zai samo wa yaronka sikolashif ɗin ƙwallo a ɗaya daga cikinsu, ka riƙe kuɗinka.

To me ƙwallon za ta yi masa? Za ta iya buɗe masa ƙofar shiga. Waɗannan makarantu suna ɗaukar kaso kaɗan ne daga masu nema, kuma koci yana da 'yan gurabe da zai iya mara wa baya a ofishin ɗaukar ɗalibai, in dai sakamakon yaron ya kai. Wasa yana da daraja a can, don a Williams kusan ɗalibi ɗaya cikin uku yana cikin wata ƙungiyar makaranta. Williams da Amherst suna cikin gasar NESCAC mai makarantu 11, kuma hamayyar da ke tsakaninsu ta haura shekara 100. Yaron da ya sauka baƙo a ƙasa, ya tarar da abokan ƙungiya suna jiransa da koci mai bibiyar karatunsa, ya samu abin da sauran baƙi suke daɗewa suna nema.

Sai dai kada a raina ƙarfin wasan. Ƙungiyar ƙwallon kwando ba ta wuce 'yan wasa kamar 15, wato koci sabbi uku ko huɗu yake ɗauka a shekara, daga cikin zaratan sakandaren Amurka. Kyaftin a makaranta abin alfahari ne, amma koci zai so ganin bidiyon cikakken wasa daga farko har ƙarshe, ba tsinto wuraren da yaro ya yi bajinta ba. Kuma in an taɓa biyansa albashi a wani kulob, ku faɗa tun farko, domin hakan yana iya shafar cancantarsa.

In yana mafarkin NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, ku yi magana ta gaskiya. Zai ambata maka Stephen Curry, wanda ya fito daga Davidson, ƙaramar kwaleji a Karolina ta Arewa. Davidson a rukuni na ɗaya take. Zai iya ambatar Duncan Robinson, wanda ya yi shekara ɗaya a Williams, ya koma Jami'ar Michigan, daga baya ya buga wa Miami Heat a NBA. Ana yawan ba da labarinsa ne saboda ba kasafai hakan yake faruwa ba.

Tambayar da nake so ka yi masa kai tsaye ita ce: in ka ji rauni a gwiwa a shekarar farko, ko koci ya ajiye ka a benci, za ka so ka ƙarasa shekara huɗu a wannan makarantar? Kada ka karɓi amsar gaggawa. Garin da Williams take ƙaramin gari ne a tsakanin duwatsu, tafiyar kamar awa uku a mota daga Bostan, da dusar ƙanƙara na watanni. Kakar ƙwallon kwando daga Nuwamba zuwa Maris take, a tsakiyar sanyin, kuma 'yan wasa sukan dawo atisaye tun sauran ɗalibai suna hutun ƙarshen shekara. A 'yan shekarun nan masu zuwa azumin Ramadan zai riƙa faɗowa cikin kakar wasan. Ya tambayi koci yadda yake yi da ɗan wasa mai azumi, ya tambayi makaranta game da abincin halal da sallar Juma'a da ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Yadda aka amsa masa zai nuna maka halin wurin fiye da hotunan da ke shafinsu.

Kuɗi kuma, makaranta da ɗaki da abinci a irin su Williams da Amherst sun haura dala 80,000 a shekara. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne tallafin da ake bayarwa gwargwadon ƙarfin iyali. Amherst da Bowdoin, wata ƙaramar kwaleji irinta, suna cikin 'yan tsirarun makarantun da ba sa duba aljihun ɗalibin waje wajen ɗaukarsa, kuma suna cike abin da ya gaza. Mafi yawan sauran suna dubawa. Za a nemi bayanin kuɗin shigarka da kadarorinka ta fom ɗin CSS Profile, saboda haka ka fara tsara takardun shago da na banki tun yanzu. 'Yan kasuwarmu da yawa suna da dukiya amma ba su da takarda, kuma a nan ake tuntuɓe.

Ka kula da abu ɗaya. Koci yakan nemi yaron da zai mara wa baya ya nemi shiga ta zagayen farko na watan Nuwamba, wanda alkawari ne: in an ɗauke shi dole ya janye sauran takardunsa. Kafin ya sa hannu, ku nemi ƙiyasin tallafin da za a ba shi a rubuce, don kada a yi cinikin biri a sama.

Yaro mai jinin kasuwa ya kamata ya san cewa bizar ɗalibi ta F-1 ba ta ba shi damar buɗe sana'arsa yana karɓar kuɗi ba tare da izini na musamman ba. Aikin cikin makaranta ne aka yarje masa, bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Bayan kammalawa akwai izinin aiki na wata 12, da ƙarin wata 24 ga fannonin kimiyya da lissafi, kuma wasu kwalejoji sun sanya digirinsu na tattalin arziki a wannan sahu, don haka ku tambaya. A 2025 Amurka ta tsaurara dokokin ba wa 'yan Najeriya biza. Kafin ku kashe kuɗin jarrabawa da fom, ku tuntuɓi EducationUSA, ofishin gwamnatin Amurka mai ba da shawara kan karatu a can, a Abuja ko Legas ku ji halin da ake ciki. Ku kuma ajiye zaɓi na kusa: Ashesi a Gana da Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola duk a kan wannan tsarin karatu aka gina su, kuma dukansu suna koyar da kasuwanci.

Binciken da ya rage ba ya buƙatar dillali. Yawancin makarantun suna wallafa wata takarda mai suna Common Data Set a intanet, wadda ke nuna yawan ɗaliban waje da suka samu tallafi da nawa aka ba su, da fannonin da aka fi kammalawa, da yawan 'yan ajin farko da suka dawo shekara ta biyu. Sannan yaron ya buɗe jerin sunayen 'yan wasan ƙungiyar na shekaru huɗu da suka wuce, ya ƙirga nawa ne cikin sabbin shiga suka kai ajin ƙarshe suna wasa. In rabi suna ɓacewa, akwai dalili, ya tambaya.

Bisa abin da ka bayyana, Alhaji, da ni ne zan sa Claremont McKenna, Washington and Lee da Babson a gaba, in bar Amherst a jerin saboda ƙarfin tallafinta, muddin sakamakonsa na WAEC da na SAT, jarrabawar shiga jami'o'in Amurka, sun yi kyau ƙwarai kuma yana son rubutu. Wasiƙun zuwa ga kociyoyi kuwa shi zai rubuta da kansa, ba kai ba, ba kawunsa ba, ya haɗa da bidiyo da sakamakonsa na aji huɗu zuwa yanzu, ya aika tun kafin dogon hutu, domin a lokacin ne koci yake kai takardun waɗanda yake so ofishin ɗaukar ɗalibai a duba masa.