Gyambon baki mai tafiya ya dawo

Tambaya: Salam likita, dan Allah ƙurajen cikin leɓe sun addabe ni, su warke su dawo, ko miya mai yaji bana iya sha, nasha antibayotik har na gaji. Me zan shafa?
Wata 'yar'uwa daga Zariya

Amsa: Sannu 'yar'uwa. Yawanci garkuwar jiki ce ke taɓa fatar bakin, shiyasa antibayotik bai miki komai ba. Ki nemi man triamcinolone 0.1% na baki, ki tsane wurin da auduga sai ki ɗora kaɗan bayan cin abinci da lokacin kwanciya, kar ki murza, kuma kar ki daɗe kina shafawa don yana jawo fangas (ƙwayar cuta mai sa farin dabbare-dabbare) a baki. In gyambo ya wuce sati 3, ko akwai irinsa a al'aura, ko ido na ja, maza asibiti.