Da gaske kindirmo na ƙara garkuwar jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na sha antibayotik na sati ɗaya saboda ciwon haƙori, ina gamawa gudawa ta sa ni gaba, mai kemis ya ce in sayi wani kafso wai shi probayotik, bakteriya ne masu rai a ciki, wai yana ƙara garkuwar jiki. Abin ya ɗaure min kai, ta yaya zan sa kuɗina in haɗiye ƙwayar cuta? Kakata kuma ta ce in sha kindirmo kawai. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Ba duk bakteriya ba ne ke sa cuta, hanjinki cike yake da na kirki, su ne antibayotik ɗin ya haɗa ya kashe tare da miyagun, shi ya sa cikin ya ɓaci. Irin su Lactobacillus da ke tsinka madara ta zama kindirmo, idan suka isa hanji suna mamaye wurin zama, su fitar da tsami da miyagun ba sa jurewa, kuma da yake babban kaso na sojojin garkuwar jiki a bangon hanji suke, kullum suna gogayya da waɗannan ƙwayoyin, hakan na zaburar da su su samar da sinadarin kariya da ake kira IgA, yana kuma taimaka musu kar su riƙa tada kumburi ba gaira ba dalili. Tun 1907 masanin nan ɗan Rasha Metchnikoff ya danganta tsawon ran ƙauyawan Bulgeriya da shan nono mai tsami, kin ga Kaka ba ta yi kuskure ba.

Amma maganar mai kemis da gyara. Inda aka fi ganin amfanin probayotik shi ne irin gudawarki ta bayan antibayotik, ba wai zai hana ki maleriya ko taifot ba, kuma kowane iri da aikinsa. Mai shan maganin ciwon daji, ko wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, ko bakwaini, kar a ba su kafson sai likita ya ce.

Ki sha kindirmon, amma don Allah wanda aka tafasa madarar kafin a kwantar, ɗanyen nono na iya ɗauko tarin fuka na shanu. Ki haɗa da ruwan gishiri da suga. Idan kin ga jini, ko zazzaɓi, ko gudawar ta wuce kwana 2 ba sauƙi, ki tafi asibiti.